Ramin Jet

Tun daga gadar Jega ya fara tari.
In na ja totur sai ya yi ajiyar zuciya,
kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana.
Buhun albasa biyu a bayansa,
rabi ya ɗauke ni, rabi na tura shi,
muka shigo Aliero da la'asar sakaliya.

Ban kai shi gareji ba.
Nomau bakanike zai ce a bar shi ya kwana,
ya kwana kuma ya tashi da sabuwar cuta.
Na jingine shi a jikin rumbu,
na rufe mai, na zare tiyo.
Sifana mai lamba goma, sukundireba mai fasasshiyar ƙota,
sai farantin Ige na tuwon baƙi
da na ɗauke tana alwala.

Kafireto a tafin hannu bai kai kan ɗan akuya ba.
Na kwance gindinsa, ga abin da na saya da kuɗina:
jar laka, da ɗigon ruwa uku kwance ƙarƙashin fetur,
tsarabar man kwalba na bakin titi.
Yaron ya rantse mini tatacce ne.
Rantsuwar tasa nake kankarewa da tsohon buroshin haƙori.

Yaya Tunau ya koya mini.
Ya ce, jera su yadda ka ciro su,
na fari a hagu, na ƙarshe a dama,
hannu yana mantuwa, faranti ba ya yi.
Ya ce, kada ka zura allura a ramin jet,
rami in ya buɗe ba ya komawa,
silin wayar birki ɗaya ya isa, sauran aikin numfashinka ne.
Damina shida ke nan da muka raka shi,
amma in na cika baki da iska
kumatunsa nake gani.

Na ɗaga ƙaramin jet saitin rana,
ban ga komai ba.
Na hura, na sake ɗagawa,
sai ya sulluɓe daga yatsun da fetur ya jiƙa.
Abu kamar ƙwayar shinkafa,
launinsa launin ƙasar tsakar gida,
ga kaji sun taso, a zatonsu tsaba na watsa.

Na yi rarrafe da furfurata.
Ige ta fito, ta dubi farantinta, ta dube ni,
ta koma ba ta ce uffan ba.
Da faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Hajo ce, mai shekara bakwai, ta ɗauko rariya,
ta dinga tankaɗe ƙasar kamar garin dawa.
A ɗiba ta huɗu ya yi ƙyas.
Ta goge shi da bakin zane, ta rufe ido ɗaya:
Baba, akwai haske can ciki, ɗan mitsitsi,
amma gefe guda a toshe yake.
Idona ya daina ganin irin wannan, ban faɗa mata ba.
Na miƙa mata silin waya.
Na ce a hankali. Na ce yanzu hura.
Ta hura, ta tofar, ta yamutse fuska,
ta ce ya zama zagayayye.

Muka mayar daga dama zuwa hagu,
ita ke miƙo, ni ke ɗaurewa.
Notin iska na murɗa har ya tsaya,
na dawo da shi zagaye ɗaya da rabi.
Bugu na farko, shiru.
Na biyu, tarin nan dai.
A na uku ya kama,
ya zauna yana bugawa a hankali
kamar dakan maƙwabta a bayan katanga.

Sau uku na wanke farantin da toka.
Tuwon dare ya zo da ɗan warin fetur,
ba wanda ya tanka.
Hajo na cin nata da hannun da bai gama fita ba,
tana tambayata wane ne ya fi ƙanƙanta,
ramin jet ko na kunnenta.